Baƙin Ɗigo a Tafin Ƙafar Na'Allah

Dakoro, 1962

Juma'a, 5 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Shekara biyu ban buɗe wannan littafin ba, tun ranar da aka karɓi makullan dispansar daga hannuna. Yau na buɗe shi saboda na ga abu, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Na makara, sai na samu wuri a sahu na biyu, daidai bayan Na'Allah. Ba zaɓa na yi ba. Shi yanzu a sahun farko yake salla, kusa da liman, tun da ya zama shugaban parti na gari. Mai jiki ne, yana jinkirin tashi daga sujada. Da na ɗago kai, tafin ƙafarsa ta hagu na gaban idona.

Akwai baƙin ɗigo a lanƙwasar tafin, gaba da dunduniya kaɗan. Girmansa kamar wake. Ba zagayayye ba ne, bakinsa a tsattsage yake kamar tawada ta zube a kan tsumma. Launinsa ba ɗaya ba: wani gefe baƙi ƙirin, wani gefe ruwan ƙasa, tsakiya kamar toka.

Na san wannan ƙafar. A 1955 ni na cire mata kurkunu, sati uku ina naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, shi kuma yana kuka kamar ɗan akuya. A lokacin babu ɗigo ko ɗaya a wurin.

Raka'a ta biyu ban san abin da na karanta ba.

Asabar, 6 ga Oktoba, da hantsi

Kamyon Maraɗi, babbar motar kaya da fasinja, ya tashi. Sau ɗaya yake tashi a sati. A Maraɗi akwai likitan fiɗa. Na tsaya a ƙofar gida har ƙarar injin ta ɓace.

Litinin, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Yau zaɓa na yi. Na jira ya shiga, na bi bayansa.

Ban yi kuskure ba. Tsohon likitan da ya koyar da mu a lakwal, makarantar boko, yakan ce mu yi wa kowace tawadar Allah tambaya huɗu. Zagayayya ce? Launinta ɗaya ne? Ta daɗe a wurin? Tana nan yadda take? In duka huɗun i ne, ka sallami mutum ya tafi gona. In ɗaya ta zama a'a, ka sake dubawa. Yakan ƙara da cewa mu baƙaƙen fata a tafin ƙafa abin ya fi kama mu, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wuraren da ba wanda ke dubawa. Ni na zo na ɗaya a wannan jarrabawar. Takardar tana cikin akwati tare da zannuwan marigayiya matata Ramatu.

Uku sun riga sun zama a'a. Ta huɗu sai an jira. Ina da lokacin jira, Na'Allah ya ba ni, tun da shi ya raba ni da aiki.

Shi ba ya gani. Tumbinsa ba ya barinsa ya leƙa ƙarƙashin ƙafarsa, kuma yanzu takalmi sau-ciki yake sawa irin na mutanen biro, ma'aikatan ofis. Abin ba ya ciwo. Ba ya ciwo ko kaɗan.

Laraba, 10 ga Oktoba, da la'asar

Dela ta zo, matar Na'Allah. Ta bi ta ƙofar baya, ta durƙusa nesa da tabarma. Ba ta taka gidan nan ba tun ranar da ta yi wa Ramatu wankan gawa. Ita kaɗai ce macen da ta shigo ranar, sauran sun ji tsoro. Wannan ba na mantawa, amma ba shi ne maganar ba.

Ta ce, "Majo, ina wuni?" Har yanzu Majo suke ce mini, sunan babban anfirmiye, wato malamin asibiti, ko da yake babu abin da nake shugabanta sai kaji huɗu.

Ta ce, "Don Allah kar shi ji na zo. Ƙarin nan na ƙeyarshi ne. Kwana biyu ya hana mu sukuni. Ya ce kashe shi za shi yi."

Na ce, "Shekara nawa yana nan?"

"Tun kahin a haifi autarmu."

"In kin taɓa shi, tauri gare shi ko laushi?"

"Laushi, kamar tuwon da bai huce ba."

"Yana gudu ƙarƙashin yatsa, ko a kafe yake?"

"Yana gudu."

"Ya taɓa fashewa? Jini, ruwa, wari?"

"A'a."

Na ce mata kitse ne ya taru wuri ɗaya. Ba ya kisa. Zai kai shi shekara tamanin in ba wani abu ya riga shi ba. Ta yi ta godiya har da hawaye, ta ajiye mini ƙwaryar fura.

Abin da ta tambaya na amsa. Ban yi mata ƙarya ko ɗaya ba. Furar na zuba wa kaji.

Asabar, 13 ga Oktoba, da safe

Kamyo na biyu.

Lahadi, 14 ga Oktoba, bayan magariba

Liman ya tare ni a ƙofar masallaci yana murmushi. Ya ce, "Majo, madalla. Kwana biyu ina ganinka kusa da ɗan'uwanka. Haka ake so, a bar abin da ya wuce." Na ce masa Allah ya saka da alheri, Malam.

Duk gari an ce na sauko. An ce yunwa ta koya mini hankali, ina neman a mayar da ni aiki. Na'Allah kansa ya fara juyowa bayan sallama yana miƙo mini yatsu biyu. Ina karɓa. Hannunsa da ɗumi. Da hannun nan ya sa wa takardar korata hannu.

Takardar ta ce ina yi wa mutanen partinsu allurar ruwa, ina ajiye magani na gaskiya don mutanen namu. Shekara ashirin da shida ina aiki. Ban taɓa tambayar gyambo wa ya zaɓa ba.

Laraba, 17 ga Oktoba, da hantsi

Wani Buzu ya zo daga Azagor da matarsa, Agali sunansa, an kwatanta masa gidana. Ya ce ya je dispansar sau uku, ana shafa masa jan magani ana ɗaure masa. Ya kwance tsumman da ke ƙwaurinsa. Tun yana yaro ya faɗa wuta, tabon ya zauna lafiya shekara talatin. Bara tsakiyar tabon ya buɗe, ya ƙi rufewa. Bakin gyambon ya tashi ya naɗe waje kamar leɓen tukunya, da tauri, yana zubar da jini in an taɓa.

Na ce masa, "Wanga ba gyambon pansama ba ne, ɗauri ba shi warkar da shi. Daji ne ya kama tabon. Ran Asabar ka hau kamyo."

Ya ce, "Raƙuma fa?"

Na ce, "Raƙuma suna da ƙafa huɗu-huɗu. Kai biyu gare ka, ɗaya kuma ana shawara a kanta."

Ya yi dariya, ya ce zai hau. Ya nuna mini kuma wani kumburi a kunnen matarsa, inda aka huda mata, mai sheƙi da tauri. Na ce wannan su bar shi, tabo ne ya yi ƙiba, in an yanke ma dawowa yake ya fi da.

Minti goma ban yi ba na faɗa wa baƙon da ban taɓa gani ba. Bakina bai yi nauyi ba ko kaɗan. Ashe bakin lafiyarsa lau.

Juma'a, 19 ga Oktoba, bayan an sauko

Ta huɗu ta zama a'a. Ya kai gyaɗa yanzu. Gefen da ke kallon dunduniya ya tasa sama kaɗan.

Na yi tsammanin zan ji daɗi fiye da haka.

Asabar, 20 ga Oktoba, da safe

Na uku. Agali na ciki, na gan shi a saman buhuna.

Litinin, 22 ga Oktoba, da la'asar

Lokacin da aka kore ni, kwana goma sha ɗaya suka tsare ni a ɗakin bayan biro. Ba duka, ba zagi, tambaya kawai. Ranar da aka shigar da ni, zazzaɓin Ramatu kwana ɗaya ne. Kinin yana cikin kabad, kabad na kulle, makulli yana aljihun wanda bai san wace kwalba ce ba.

Ta aika gidan Na'Allah sau biyu. Gidan da ta yi wa matarsa zaman biƙi sau huɗu.

Ba zan rubuta sauran ba.

Laraba, 24 ga Oktoba, bayan azahar

Na'Allah ya yi mini magana yau, karon farko da baki ba da yatsu ba. Muna sa takalma a ƙofa, mutanensa kewaye da shi.

Ya ce, "Majo, an ce ka ce ƙarin nan nawa ba shi kisa."

Ashe Dela ba ta iya riƙewa ba.

Na ce, "Ba shi kisa, Shugaba."

"To ni dai ban son shi. Manya za su zo bikin Disamba, a ɗau hoto, ni da ɗan tulu a wuya? Almu wanzami ya ce shi zai hidda shi."

"Almu ya iya aska."

Ya bushe da dariya, ya dafa kafaɗata. "Ku ji shi! Da can cewa za shi yi sai Maraɗi, sai likita, sai takarda da hatimi. Zaman gida ya gyara ka, Majo."

Suka yi dariya duka. Ni ma na yi. Yana magana yana cusa ƙafar hagu cikin takalmi, na ga ya ɗan yamutsa fuska.

Asabar, 27 ga Oktoba

Na huɗu. Ban fita ba, na ji shi daga ɗaki.

Lahadi, 28 ga Oktoba, da hantsi

Almu ya fiɗe ƙarin jiya. An ce ya fito dunƙule guda, rawaya, kamar kitsen rago, aka yi ta yawo da shi a faranti ana nuna wa maƙwabta. An yanka akuya. Maroƙa za su kwana biyu suna ci. Ana ta yi wa Na'Allah barka da tsira daga mutuwa.

Na je ni ma na yi barka. Yana kishingiɗe, wuya a naɗe, ƙafafu a miƙe suna kallon ƙofa. Duk wanda ya shigo sai ya wuce ta gabansu. Mutum talatin ko fi. Ba wanda ya kalla.

Talata, 30 ga Oktoba, bayan asuba

Jini a tabarmar masallaci, inda yake zama. Ɗigo biyu. Na sa ƙafata na rufe har aka watse.

Me na rufe? Don wa?

Alhamis, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Na yi mafarkin rana, abin da ban saba ba. Likitan lakwal yana tsaye da farar riga yana kiran suna, ya kira nawa sau uku ban amsa ba.

Ba tausayi nake ji ba. Na bincika kaina sosai, babu. Ina so ya rame. Ina so tumbin nan ya zube, takalmin biro ya ƙi shiga, a ɗauke shi a kan gadon kara a bi da shi ta ƙofar gidana. Ina so Dela ta aiko sau biyu.

Sai dai Dela ce za ta aiko. Wannan ne ke ɓata mini lissafin.

Asabar, 3 ga Nuwamba, da safe

Na biyar. Direba ya kawo saƙo daga Agali: an yanke naman, an bar masa ƙafar. Ya ce likita ya tambayi wanda ya turo shi.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Kaji suka yi ta jira.

Laraba, 7 ga Nuwamba, bayan azahar

Almu wanzami ya zo neman auduga. Tun da aka yi bikin ƙarin nan yake tafiya kamar ya ci yaƙi.

Ya ce, "Majo, na samu wani aikin kuma wajen Shugaba. Ƙaya ce ta karye mishi a tahin ƙahwa, ta yi baƙi, tana ɗan jini. Ran Lahadi zan tone ta, in bi da sakiya."

Na ce, "Ka ga ƙayar?"

"Ba a ganin ta, ta nutse."

"Ya tuna ranar da ya taka ta?"

"Haba Majo, wa ke tuna ƙaya?"

"Mutumin da ke sa sau-ciki shekara biyu, ina ya samu ƙaya?"

Ya sosa ƙeya, ya ce to ko mi ne ne dai, wuta na maganinsa.

Na ba shi audugar. Da ya fita na zauna na ga yadda abin zai tafi. Zai tona, ya ƙona, wurin ya zama gyambo kamar kowane gyambo. Tsattsagaggen bakin da launi ukun duk su tafi. Bayan wata shida ko shekara Na'Allah zai kwanta, a ce sammu ne, a ce maƙiya, a ce ajali. Zai mutu yana ganin Almu gwani ne, ni kuma tsohon da zaman gida ya gyara.

Wannan ban yarda ba. In zai tafi, ya tafi ya san wa ya kora.

Alhamis, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je. Na sami Na'Allah a zaure da mutum uku, na ce ina son ganinsa shi kaɗai. Ya ɗauka roƙon aiki na zo, har ya gyara zama. Ya sallame su.

Na ce, "Tuɓe takalmin hagu."

"Mi?"

"Na'Allah, tuɓe."

Shekara biyu ban kira sunansa ba. Ya tuɓe. Na sa Dela ta kawo madubinta, na riƙe masa a ƙarƙashin ƙafar. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ɗan wannan? Ko ciwo ba shi yi sai na taka."

Na ce, "Wanda ya kai tulu ka yanka mishi akuya, ba komi ba ne. Wanga shi ne."

Na nuna masa bakin, na nuna masa launukan, na tuna masa kurkunu. Na faɗa masa sunan abin da Hausa, na faɗa masa da Faransanci don ya ji nauyinsa. Na ce in Almu ya sa masa aska, ya sa a fara haƙa kabari.

Ya kira ni da sunana, ya ce, "Baki kake mini, Mijinyawa."

"Da baki nake so in yi maka, da na yi shiru."

Dela na tsaye a bakin ƙofa, hannu a kan baki. Ta ce, "Maigida, ka bari shi duba ka."

Na sa ya kwanta, na laluba matsematsinsa na hagu. Na yi fatan kar in samu, wannan gaskiya ne, kuma ban san daga ina fatan ya fito ba. Na samu. Kaluluwa guda, kamar ƙwallon magarya, da tauri, ba ta ciwo. Kaluluwar gyambo tana ciwo, tana da laushi. Wannan ba ta ciwo.

Ya ga fuskata. Ya ce, "Mi ka ji?"

Na ce, "Ran Asabar ka hau kamyo."

Juma'a, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Na rubuta wa likitan Maraɗi takarda. Hannuna bai manta ba: wuri, girma, baki, launi, jini, kaluluwa. Da na zo layin da ake rubuta ranar da aka fara gani, na ajiye alƙalami na zaga gida sau biyu. Likita na bukatar ranar gaskiya, da ita zai san saurin abin. Na rubuta 5 ga Oktoba, girman wake.

A ƙasa na sa sunana. Ban san me zan rubuta bayan sunan ba, tun da an soke muƙamin. Na bar wurin fari.

Ranar biyar ga Oktoba akwai kaluluwar ko babu? Ban taɓa ba, ban sani ba. Na juya tambayar ta kowane gefe.

Asabar, 10 ga Nuwamba, da hantsi

An ba Na'Allah gaban mota, kusa da direba. Rabin gari ya zo rakiya. Liman ya yi addu'a, ya ce a gaban kowa Allah ya yi wa Majo albarka, wanda ya mayar da sharri da alheri. Aka shafa. Dela ta kama gefen rigata tana kuka, tana cewa ba ta da bakin godiya.

Ya sa aka matsa, ya kira ni jikin taga. Takardar na hannunsa a buɗe. Na manta shi ma ya yi aji uku a lakwal kafin ubansa ya cire shi ya sa shi awon hatsi. Faransancinsa bai kai ya karanta ciwon ba, amma ya kai ya karanta kwanan wata.

Ya sa yatsa a kan layin. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ba wanda zai ji.

"Biyar ga Oktoba."

Na ce, "I."

"Shi ya sa kake bina salla."

"I."

Ya kalli mutanen da ke ɗaga masa hannu, ya ɗaga musu. Bai daina murmushi ba. Ya ce, "Sau biyu ta aiko. Ina gida duka biyun."

Direba ya tada inji.

Ya ce, "To ka rama ke nan?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna. Likita zai hwaɗa muna."

Ya ninke takardar a hankali, ya sa a aljihun ƙirji, ya danne da tafin hannu.

Asabar ɗin dai, bayan azahar

Liman ya jawo ni sahun farko, ya tsayar da ni a wurin Na'Allah. Na ce a'a, ya ce wallahi sai na tsaya.

Babu ƙafar kowa a gabana, bango ne kawai. Da na yi sujada na ji wani a bayana, kusa da tafin ƙafata.